Mai Ƙaho Wata Uku, Mai Ganga Shekara Biyu

Zuwa ga 'Yar Giɓi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni Kawunki mai ƙaho, da Innarki, da yaran gida. Lafiyarmu ƙalau, in aka ɗebe gwiwar Innarki da ba ta rabo da ƙorafi. Yaya aiki, yaya baƙunta? Mamanki ta ce yanzu likita ake ce miki a babban asibitin haƙori na can. To, a wurina dai har gobe 'Yar Giɓi ce ke, wadda ta zo mana hutu ba haƙoran gaba, ta dage sai ta busa ƙahona, iska na fita ta ko'ina. Na san zumuncin namu sai an zauna an warware shi, amma kakar mamanki da kakata ciki ɗaya suka fito, don haka ba ki da hanyar gudu.

Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Shekarun da na yi tsaye gaban babbar ganga a badujalar 'yan kwana-kwana sun cinye mini kunnen hagu, na dama ma yana shirin binsa. A takarda kuwa ba mai katse ni.

Ga abin da ya faru. Ma'aikata ta tura mu 'yan badujala asibitin haƙori. Da can abin ba wuya: kowa wata shida-shida, ka buɗe baki, a ce madalla, ka rufe ka kama gabanka. Yanzu an kawo wani likita mai tabarau, gemunsa ma bai gama fitowa ba, wai kowa da lokacinsa. Ya zaunar da ni ya yi ta jero tambaya kamar ɗan sanda. Kana da ciwon suga? Kana shan taba? Wane magani kake sha? Bakinka na bushewa? Sannan ya ɗauko wani siririn ƙarfe yana zurawa tsakanin haƙori da dasashi yana kiran lambobi. Ya ɗauki hoto. Ƙarshenta ya ce in dawo a yi mini wankin ƙarƙashin dasashi, bayan nan kuma duk wata uku yana son ganina.

Wata uku! Ni! 'Yar nan, kin san bakina. Haƙora reras, fari fat, ba kogo ko ɗaya, tunda nake ban taɓa kwana da ciwon haƙori ba. Amma ba wannan ya ƙona mini rai ba. Kin tuna Mai Ganga, dogon nan da ke bayana a layi, wanda haƙoransa suka hau juna, shayi ya rina su jawur? Shi ne ya fito yana washe baki wai an ce masa sai bayan shekara biyu. Tun ranar ba ni da sakat. Ina shiga ɗakin atisaye zai daki ganga ya ce, "Ku matsa, ga Wata Uku nan ya iso!" Yara su kwashe da dariya.

Kin san a aikin kaki, wanda ake yawan kira ofis mai laifi ne. Ga shi kuma an kawo mana sabon shugaban badujala, muna ce masa Mai Sanda. Ya ce kafin shekara ta fita zai gwada masu ƙaho ɗaya bayan ɗaya, duk wanda busarsa ta yi rauni sito za a mai da shi, ya yi ta goge kayan kiɗa har ritaya. Ni ne ƙaho na farko tun kafin a yaye wasunsu. In maganar wata ukun nan ta kai kunnensa, ai ya samu abin kamawa.

Don Allah ki rubuto mini a takarda mai tambarin asibitinku cewa yaron nan ya yi kuskure, in je in ajiye masa a kan teburi.

Naki,
Kawu Mai Ƙaho

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya. A tsaye na karanta ta bakin ɗakin aiki, na yi dariya har wata tsohuwa da ke layi ta tambaye ni ko albishir aka aiko mini. A gaida Inna da gwiwa, Allah Ya sawwaƙe. A gaida yara, da Mai Ganga in har kuna magana.

Kawu, ka yi haƙuri, takardar da ka nema ba za ta samu ba. Ni ban ga bakinka ba, shi ya gani. Tsarin nan kuma ba shi ya ƙirƙiro ba, mu ma shi muke bi a nan. Wata shida-shidan da aka saba riga ɗaya ce aka ɗinka aka ce kowa ya sa, ta yi wa wani yawa, ta matse wani. Mai lafiyayyen baki ya zo ya tare kujera a banza, wanda cuta ke ci a ɓoye kuma kafin wata shidan su cika ta yi masa ɓarna. Shi ya sa yanzu ake duba kowa da halinsa. Babba ana ba shi daga wata uku zuwa shekara biyu, yaro kuwa ba a bari ya wuce shekara. Kuma ba hukuncin har abada ba ne, duk zuwa sai a sake dubawa, a ƙara ko a rage.

Ka ce haƙoranka farare ne. Na yarda, ni shaida ce. Amma haƙori cikin ƙashi yake tsaye, dasashi ya lulluɓe. Ƙarfen nan da ya zura, zurfin ramin da ke tsakani yake aunawa. In ramin ya yi zurfi, to dauɗa ta daskare can ƙasa inda buroshi ba ya kaiwa, tana cin ƙashin a hankali. Mugun halin ciwon nan shi ne ba ya zafi. Mai Ganga kuwa, jan shayin a sama kawai yake. In ba ya shan taba, ba shi da suga, dasashinsa garau, to shekara biyu ta dace da shi, ka bar shi ya ji daɗinsa.

Ka lissafo mini tambayoyin likita tsaf, amma ka tsallake amsoshin. Mama ta ce tun bara ake ba ka maganin suga. Tabar nan da kake zagayawa bayan gareji ka sha, tana nan? In ka goge baki ka tofar, kana ganin jini? Ba sai ka amsa mini ba, ni 'ya ce. Shi dai ka amsa masa.

Ka koma a yi wankin nan, don Allah.

'Yarka, wadda har yau ba ta yarda da sunan nan ba,
'Yar Giɓi

*

Zuwa ga 'Yar Giɓi,

Salamu alaikum. Muna lafiya, gwiwar Innarki da sauƙi. Mamanki kuwa ki ce ina gaishe ta, kuma na gode da tallan da ta yi mini.

Na karanta darasinki. Ashe dai likitoci bakinku ɗaya! To, ni ma ban zauna ba. Na yi tunani na ce, yaron nan da amsoshina ya kama ni, kamar jarrabawa ce na faɗi saboda gaskiya ta yi mini yawa. Sai na shirya sake zama. Akwai wani asibiti bayan tashar mota, a saman bene, ba wanda ya san ni a can. Na kwana biyu ban taɓa taba ba. Da safe na goge baki har hannuna ya gaji, na tuɓe kaki na sa farar riga, na tafi neman shekara biyu. Ko ɗaya da rabi aka ba ni, da na karɓa.

Likitar mace ce, dattijuwa, ba ta da hayaniya. Ta ce, "Baba, ciwon suga?" Na ce babu. "Taba?" Na ce Allah Ya kiyaye. "Magani?" Na ce ni ko na ciwon kai ba na sha. Ta ce madalla, ta kwantar da kujera, ta kunna fitila. Sai ga siririn ƙarfen nan. Ashe kowannenku da nasa! Ta zura nan, ta zura can. Can ta sauke ƙyallen bakinta ta ce, "Baba, ni da kai mun yi hira mai daɗi, amma dasashinka wata magana daban yake faɗa mini. Yaushe rabonka da gwajin suga?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce to, yanzu wata nawa za ta ba ni? Ta ce ita ba a kai maganar watanni ba tukuna, mako mai zuwa take son in dawo a fara wanki. Kin ji! Na je neman ƙari, na dawo da abin da ya fi na da muni. Na sauko benen nan ina ta sababi ni kaɗai, har wani direba ya tambaye ni ko an yi mini sata ne.

Ban koma ko'ina ba. Ba abin da ke mini ciwo, gwaji kuma na matsowa, kullum atisaye nake safe da yamma. Bari in wuce wannan tukuna. Kuma labarin benen nan kada ya fita, musamman wajen mamanki.

Kawu

*

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, ina fata kowa lafiya. Gobe da sassafe za a tafi da mu aikin duba haƙora a ƙauyuka, za mu jima, shi ya sa rubutun ya zama gajere.

Labarin bene ya ba ni dariya, amma daga baya gabana ya faɗi. Likita biyu sun faɗi abu ɗaya, Kawu. Ka sani, haƙorin da ƙashinsa ya ragu ba ya jure matsin ƙaho kamar da, kai kuma ga shi ka ninka atisaye. Kada ka ƙara mako ba ka yi wa mai tabarau maganar ƙahon nan ba. Bakinka ya fi gwajin Mai Sanda muhimmanci.

A gaida Inna.

'Yarka

*

Likita,

Na ga saƙo. Mun gode Allah.

Wato in ajiye ƙaho. Ai da kin faɗa kai tsaye, ba sai kin zagaya ba. Ke ba ki san abin da ƙahon nan yake a wurina ba. Da shi na ci, da shi na yi aure, da shi na raka abokaina da wuta ta ci. Yanzu a layi biyu kin gama da shi. Ba komai, Allah Ya ba da sa'ar aiki.

Kawunki

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Innarki ce. Ki yi haƙuri da rubutun, na daɗe rabona da biro. Yara lafiya, ni ma da sauƙi. Kawunki ne dai sai a hankali, kuma bai san na rubuto ba.

Mun ji ki shiru wata da watanni. Shi cewa yake kin yi fushi, ni na ce aiki ne. Bayan wasiƙarki ta ƙarshe bai koma asibiti ba. Sai ma ya ƙara wa atisayen wuta, wai zai nuna muku. To, ran nan suna shirin faretin yaye sababbin ma'aikata, Mai Ganga ya ce mini ana tsakiyar kiɗa, Kawunki ya ɗauko muryar nan ta sama da aka san shi da ita, sai ta karye. Kowa ya ji. Mai Sanda kallonsa kawai ya yi.

Da ya dawo bai ci abinci ba. Na leƙa ɗaki na same shi gaban madubin drowa, ya sa yatsa yana taɓa haƙorinsa na gaba. 'Yar nan, da idona na ga haƙorin ya motsa. Ya ga na gani. Ya ɗauki ƙahon ya goge shi tas, ya sa a akwatinsa, ya ɗora can saman drowa. Washegari ya aika wurin aiki wai mura ke damunsa, daga baya ya ɗauki hutunsa na shekara.

Tunda aka kawo ni gidan nan nake faɗa da shi kan busar safe. Maƙwabta sun kawo ƙara har sun gaji. Yanzu gidan ya yi tsit, kuma wallahi shirun nan ya fi ƙarar damuna. Yana zaune a baranda tun safe, in zai yi dariya da jikoki sai ya kare baki da hannu. Mutumin da ba a iya rufe masa baki!

Ya ce ke da kanki kin ce ta ƙare. Na ɗauko wasiƙar na karanta na maimaita, ni ban ga inda kika ce haka ba, amma in na faɗa sai ya ce ban san yaren likitoci ba. Ki gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce. In ta ƙare, in san yadda zan lallashe shi. In ba ta ƙare ba, ki rubuto da manyan baƙaƙe yadda ba zai samu wurin laɓewa ba.

Innarki

*

Zuwa ga Kawu da Inna,

Assalamu alaikum. Jiya muka dawo, na tarar da wasiƙunku biyu suna jirana a ofis, har sun yi ƙura. Lafiyata ƙalau, amma da na gama karantawa sai da na rufe ƙofa na yi kuka.

Kawu, ni na ce ka ajiye ƙaho? Ni? Haba Kawu! Na yi gaggawa a rubutu, na yarda, amma ga shi yadda Inna ta nema: BA TA ƘARE BA. Wata ukun nan da kake gudu, don ka ci gaba da busa aka ba ka shi. Mai Ganga in haƙorinsa ya zube yau, gobe zai daki gangarsa. Kai kuwa da bakinka kake aiki, ga suga, ga taba, ga ƙashin da ya fara raguwa. Dole a fi sa maka ido. A wurinku, motar da aka fi fita da ita ba ita aka fi kai wa makanike ba?

Ba zan yi maka ƙarya ba. Ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo. Amma ana iya tsayar da ɓarnar, kuma haƙorin da ya fara motsi sau da yawa yakan ƙara ƙarfi in an wanke ƙarƙashinsa kumburi ya sauka. Akwai ma dabarar haɗa shi da maƙwabtansa ta baya su tallafe shi. Ko zai yiwu a naka, wanda ya duba ne zai faɗa. Abin da na sani shi ne, zaman baranda ba ya gyara komai.

Ka koma wurin mai tabarau. Ka tafi da ƙahon ya ga yadda kake ɗora shi. Ka gaya masa komai, har da bene. Maganar Mai Sanda kuwa ka kwantar da hankalinka, likita ba ya kai sirrin mara lafiya wurin shugabansa.

Inna, in ya ce sai gobe, ki aika a kira Mai Ganga.

'Yarku

*

Zuwa ga 'Yar Giɓi,

Salamu alaikum, da fatan kin huce gajiyar ƙauye. Muna lafiya. Kukan da kika ce kin yi ya tsaya mini a rai, ki yafe wa tsohon nan mai taurin kai.

Sai dai kin haɗa ni da bala'i. Na ce wa Innarki sai gobe, ko rufe baki ban yi ba sai ga Mai Ganga a ƙofar gida da babur. Ya shiga ɗaki ba sallama, da yake dogo ne ko ɗage bai yi ba ya sauko da akwatin ƙahon, ya ce, "Hau mu je. Tunda ka tafi ba ni da wanda zan tsokana, kiɗan ma ba ya mini daɗi." Haka na hau ina zaginsa har asibiti.

Mai tabarau bai ce mini "ai na faɗa maka" ba. Wannan ya sa ya shiga raina. Na zayyana masa komai, ya yi dariyar bene har ya cire tabarau ya goge ido. Ya sa na ɗora ƙahon a baki yana kallo, ya ce ina danna shi kamar mai jin haushin haƙoran. Gaskiyarsa ne, da ƙarfin hannu nake kamo muryar sama tun ina saurayi.

An yi wankin, gefe-gefe, a zama daban-daban. Abin da aka kankaro daga ƙarƙashin fararen haƙoran nan nawa, ba zan rubuta ba don kada ki raina ni. Daga baya ya manna wata siririyar waya ta bayan na gaba, ba mai gani sai harshena. Ya ba ni wasu 'yan ƙananan buroshi na shiga tsakanin haƙora, ya tura ni wurin likitan suga aka gyara mini magani. Ya ce in huta da busa na ɗan lokaci, sannan in fara a hankali, iskar ta fito daga ciki, hannu ya saki. Ni da na koya wa yara busa, yau ni ne nake farawa daga murya ɗaya.

Taba ce yaƙin. Makon farko ba wanda ban yi faɗa da shi ba, har kyanwar maƙwabta. Innarki ta ce in dai haka ne gara shirun da ta yi ƙorafi a kai. Amma na riƙe, har yau ban koma bayan gareji ba.

Ga abin dariya. Da wata ukun farko suka cika na koma, Mai Ganga ya raka ni. Ya ga masu aiki na gaishe ni, ana tambayata jikoki, sai kishi ya kama shi. Ya leƙa ya ce, "Likita, ni ma a ɗan duba ni mana, ko a rage mini zuwa shekara ɗaya." Likita ya ce, "Wani abu na damunka? Ciwo, jini, kumburi?" Ya ce babu. Likita ya ce, "To in ka ji wani canji ka zo ko gobe ne. In babu, kujerar nan akwai masu buƙatarta." Ya fito ransa a ɓace. Yanzu in ya shigo ɗakin atisaye ni nake cewa, "Sannu, wanda ba a nema!"

Likita ya ce jinin ya ragu ƙwarai, ramukan sun fara cikowa. An sa ranar gwaji. Ki sa ni a addu'a, don ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji.

Kawunki

*

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum! Kowa lafiya, lafiya ƙalau, gaisuwar ta isa haka, bari in ba ki labari kafin in fashe.

An yi gwaji. A babban ɗakin taro aka yi, an ture kujeru gefe, Mai Sanda na tsaye tsakiya fuskar nan ba annuri. Kowa zai busa taken fareti, sannan ya busa sanyayyen taken nan da muke yi in an rasa ɗan uwa a bakin aiki, wanda ke ƙarewa da doguwar murya can sama. Yaran da suka riga ni sun yi ƙoƙari, ba laifi. Da aka kira ni, na fito tsakiya. Na waiga na ga Mai Ganga jikin taga, ya haɗe rai kamar shi za a gwada.

Taken fareti ya wuce lami lafiya. Na shiga na biyu. Ina tafe ina jin muryar nan na matsowa, wadda ta kunyata ni a gaban jama'a. Hannuna ya fara halinsa na da, yana son ya danna. Na ce masa kul! Na saki, na cika ciki da iska, na tura. 'Yar nan, ta fito! Ta fito siririya, tas, ba rawa ba gargada, har gilashin taga na amsawa. Ƙa'ida ita ce ka riƙe sai sanda ta sauka. Mutumin nan ya ɗaga sanda ya ƙi saukewa. Ina kallonsa yana kallona. Na ce a raina, yau ko ni ko kai. Sai da idona ya fara ganin taurari sannan ya sauke, ni kuma na ƙara masa kaɗan a kai don ya san da saura.

Na sa harshe na taɓa haƙorin. Yana nan daram.

Mai Sanda ya tako har gabana ya ce, "Baba, me ka yi wa busarka? Ba haka take ba da." Na ce, "Ranka ya daɗe, gyara aka yi." Ya ce, "Ka tsaya a matsayinka na ƙaho na farko. Kuma daga gobe masu ƙahon nan su riƙa zuwa wurinka kafin atisaye." Kafin ya rufe baki Mai Ganga ya rarumo ganga ya yi ta dukanta ba tsari ba kai, yara suka ɗaga ni sama har hulata ta faɗi. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, a gaban kowa na yi.

Suka ce sai an je an yi shagali. Na ce su fara, ina zuwa, domin ranar ta faɗo daidai da ranar asibiti, kuma na rantse ba zan ɗaga ta ba. Haka na tafi cikin kaki, ƙaho a hammata. Da na isa harabar, na ga tagar ɗakin mai tabarau a buɗe, sai abin ya ciyo ni. Na tsaya ƙam tsakanin motoci, na haɗa ƙafa, na busa masa taken girmamawa cikakke, wanda ba ma yi sai ga manyan baƙi. Masu jira suka fito riƙe da kumatu, mai gadi ya sara, wata mata da audugar cire haƙori a baki tana tafi.

Sai ga shi ya leƙo ta taga, safar hannu da ƙyallen baki duk suna jikinsa. Ya saurara har na gama. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan ya ce, "Baba, na ji, kuma na gode. Amma ka makara. Shigo ka buɗe baki."

Na shiga na buɗe.

Naki har kullum,
Kawu, Ƙaho na Farko